Jan Fenti a Jikin Kandili

Tayar ce ta fara ɗauke mini ido. Tana jingine a bakin rumfar wani mai sayar da kayan da Turawa ke bari in za su koma gida, tsakanin wata tsohuwar firji da kujerun roba. Kauri gare ta kamar damtsen maƙeri, ga ƙuraje a jikinta. Sai da na gama kallonta sannan na lura da sauran keken, kore, sirdinsa a tsage. Mai rumfar ya ce irinsa ake kira betete, ba don titi aka ƙera shi ba, don duwatsu ne da daji. Kalmar daji ce ta gama da ni. A ranar na tura shi zuwa gida.

Ni tela ne a kasuwar Arlit. Iyayena daga Damagaram suka zo neman aiki a ramukan uraniyum, ni kuma nan na buɗe ido, garin da in ka ga itace to wani ne ya dasa shi yana ba shi ruwan wanke-wanke. Duk abin da na sani game da lambu da inuwa da kukan tsuntsu, a littattafan soyayya na karanta shi, waɗanda wani Bakano ke kawo mana a buhu tare da atamfa. A cikinsu kullum akwai wani wuri mai ciyawa inda saurayi ke tsayar da mota, budurwa ta sunkuyar da kai tana wasa da zobenta. Ba ni da mota, budurwar ma a lokacin babu, amma na sa a raina wurin yana nan, ni ne dai ban kai gare shi ba.

Ranar Lahadi nakan rufe shago tun da safe, in ɗaura bidon, wato jarkar ruwa, a bayan sirdi, in nufi gabas ta wajen hanyar Gugaram. Na daɗe ina yawo a fili mai tsakuwa ba abin da nake samu sai ciwon cinya. Wata rana na bar hanyar motoci na bi wata siririyar turba da awaki suka yi, ta ratsa tsakanin baƙaƙen duwatsu, ta gangara da ni ba shiri sai da na matse birki biyun. Da na ɗago kai sai na gan ni a cikin kori.

Kori kwarin da ruwa ke bi ne in an yi ruwan sama a kan duwatsu, sauran shekara kuwa yashi ne fari. Amma gefensa biyu itatuwa ne reras, kandili masu kai kamar laima, da aduwa, da magarya, sun haɗa rassa har rana sai ta tsaga take sauka. Turbar tana bin gindinsu, ta hau tudu, ta zagaye dutse, ta faɗa yashi inda taya ke nutsewa sai ka miƙe tsaye ka taka da ƙarfi, ta sake fita kan ƙasa mai tauri inda keke ke tafiya da kansa. Kurciya na kuka. Na tsaya na ajiye ƙafa ɗaya a ƙasa, zuciyata na bugawa kamar ta wanda aka ce masa ga ta nan fitowa.

Kare ne ya fito. Bayansa wani dattijo Ba'abzine, dogo, rawaninsa ya rufe masa baki, da doguwar gora mai ƙugiya a hannu. Bai amsa sallamata da sakin fuska ba. Ya dubi keken, ya dubi ni, ya tambayi abin da na ɓatar. Na ce ban ɓatar da kome ba, kallon itatuwa na zo yi. Ya ce itatuwan ba su da lafiya ne da za a zo duba su? Sannan ya gindaya mini sharuɗɗa da Hausarsa ta wanda ya koya a kasuwa: kada in ratsa tsakiyar awaki, kada in kusanci rijiya, kada in bi ta gaban bukkar matarsa.

Na bi sharuɗɗan. An daɗe kafin ya daina bin sawuna da kallo. Abin da ya sassauta shi, wata rana na ga wandonsa ya yage a gwiwa, na ce ya ba ni. Lahadi ta gaba na maido shi a ɗinke. Bai yi godiya ba, amma ya hura gawayi ya ɗora shayi, matarsa kuma ta aiko mini da cuku a ganye. Tun daga nan nake ce masa Baba, shi kuma yana ce mini tela.

A bakin shayin nan ne ya gaya mini abin da ya riƙe shi a wurin. In bazara ta shiga, ciyawa ta ƙare ƙaf, kandili ne ke zuba ƴaƴa, wasu murɗaɗɗun kwasfa da awaki ke so fiye da kome. Da gorar nan yake kaɗo su. Su ne ke kai dabba har faɗuwar ruwa. Kowane gida da ɓangarensa na korin, nasa daga wani dutse mai tsaga ne zuwa rijiya, nan mahaifin matarsa ya zauna kafin shi. Ba a rubuce yake ba. Wurin naka ne muddin ƴaƴan sun nuna kana ƙarƙashinsu. In ka tashi kafin nan wani ya sauka, ba ka da bakin ce masa tashi, ko bana ko baɗi. Na saurare shi da rabin kunne, domin ina can ina lissafin gindin itacen da zan zaunar da wadda ban riga na samu ba.

Shef kuwa a shagona ya shigo rayuwata, da wando biyu da yake so a rage musu tsawo. Mutumin Maradi ne, shugaban wata ƙungiyar ma'aikata a ɗaya daga cikin ramukan, shi ya sa kowa ke kiransa Shef, har matarsa, in ji masu faɗa. Ƙato ne mai ƙarar murya, irin wanda ke fara magana kafin ya gama shigowa. Bai yi sallama ba. Ya ɗauki littafin da na kife a kan keken ɗinki, ya karanta sunan da ƙarfi yana lanƙwasa murya kamar mace, har maƙwabcina mai sayar da maɓalli ya yi dariya. Tun daga ranar ya raɗa mini Malam Soyayya, ni kuma tun daga ranar na tsane shi, tsana mai sanyi wadda ba ta taɓa raguwa ba.

Sai idonsa ya faɗa kan betetena a lungu. Ashe shi ma yana da irinsa, sabo, kuma suna da taron abokai, duk ma'aikatan rami, da ke zagaye gari ranar Lahadi a kan hanyar kamyo, manyan motocin kaya, suna shaƙar hayaƙi. Ya tsuguna ya zaro ƙayar kandili daga tayata, ya juya ta a yatsa, ya tambayi inda nake zuwa. Na ce nan da can. Ya ce nan da can ba su da irin wannan ƙayar. Na ci gaba da taka keken ɗinkina.

Bai buƙaci bakina ba. Tayar betete sawu take bari kamar an buga hatimi, kuma nawa kaɗai ne a wannan turbar. Lahadi biyu bayan haka ina zaune a gindin aduwa na ji kiɗa yana gangarowa daga tsakanin duwatsu. Suka ɓullo a jere, da kaski, wato hular kwano, a kai, da riguna masu ƙyalli, ɗaya ya ɗaura rediyo a hannun kekensa. Sun bar motar aiki a can sama, farar a-kori-kura mai tambari a ƙofa. Suka ratsa tsakiyar awaki suna ihu, suka tsaya a bakin rijiya suka wanke kai. Shef ya hango ni ya ɗaga hannu.

"Malam Soyayya! Ashe nan kake ɓoye amaryar? Ina take, ko akuyar nan ce?"

Baba yana tsaye nesa da gorarsa. Da suka tafi ya tambaye ni ko mutanena ne. Na ce ban gayyace su ba. Ya ce ba haka ya tambaya ba.

Wurin ya shiga ran Shef, wannan kam ba zan hana shi ba. Amma shi in abu ya shiga ransa sai ya mallake shi. Ya yanke shawarar za su yi tsere a korin kafin zafi ya shigo, kuma tsere yana son alama don kada wani ya ɓata ko ya yanke hanya. Ya zo da gwangwanayen fenti na fesawa da suka rage a wurin aikinsu, ja mai ɗaukar ido, da turaku na ƙarfe, da ƙyalle mai ratsin ja da fari. Suka bi turbar daga sama har ƙasa. Kibiya a kan dutse, lamba a jikin kandili, turke a kowace kwana da ƙyalle yana kaɗawa. Dutsen nan mai tsaga ma sai da ya sami gicciye babba.

Na yi wa Shef magana, amma maganar ban san nauyinta ba. Cewa na yi ya ɓata kyan wurin, itacen da ya shekara yana ba da inuwa ba allo ba ne. Ya dafa kafaɗata da hannunsa mai fenti, ya gaya wa abokansa cewa tela zai yi kuka, a ba shi ƙyalle ya share. Jan tabon bai taɓa fita daga rigar ba.

Da na koma ni kaɗai a Lahadi ta gaba, ba gawayi ba shayi. Baba yana zaune a kan dutsen mai tsaga, daidai gefen gicciyen. Na gaishe shi ya amsa a taƙaice, sannan ya nuna fentin da gorarsa.

"Na san wannan," ya ce. "Ina saurayi na gan shi, can yamma, a filin da ubana ke kiwo. Haka suka zo da farar mota. Suka shafa wa duwatsu, suka kafa ƙarfe da tsumma. Muka tambaya, suka ce aune ne kawai, mu sha kuruminmu. Bayan aune sai injin haƙa. Bayan inji sai waya, da mai gadi a ƙofa yana tambayarmu takarda."

Na ce wallahi Baba wannan wasa ne, tseren keke za su yi. Ya dube ni ta saman rawani kamar na zage shi. Ya ce manya masu gemu da albashi, su ɗauko motar aiki da fentin aiki, su zo su ƙirga itatuwansa ɗaya bayan ɗaya su rubuta musu lamba, don wasa? Sannan ya gaya mini abin da ban sani ba. Ranar da suka kafa turakun, bayan na tafi, ya bi ya tuge wasu. Shef ya dawo a tsakiyar mako ya tarar, ya same shi a bakin rijiya ya ce masa wannan aikin kamfani ne, duk wanda ya sake taɓa turke ɗaya da jandarma zai yi magana.

"Shi babbansu ya ce aikin kamfani. Kai tela ka ce wasa. Wa zan ɗauka?"

Na ce zan kawo shi ya faɗa da bakinsa. Baba ya ce in yi sauri, domin shi ba zai jira a kore shi a tsakiyar bazara ba, lokacin da akuya ba ta iya tafiyar yini. In tashi ne, gara yanzu da sauran ƙarfi a ƙafarsu. Na ɗaga kai na dubi kandilin da ke samanmu. Kwasfan sun fito, kore shar, ba su fara bushewa ba.

Washegari da la'asar na je gidan Shef a site, unguwar ma'aikata, inda gidaje ke jere iri ɗaya kuma famfo ba ya ɗaukewa. Na tarar da shi a tsakar gida ya kife kekensa yana shafa wa sarƙa mai. A hanya na tsara jawabi irin na littafi, wanda in jarumi ya gama shi azzalumi ke sunkuyar da kai. Da na buɗe baki sai ya fito guntu-guntu. Na ce mutumin nan zai bar wurinsa saboda maganar da aka gaya masa, kuma in ya bari ba zai sake samu ba. Abin da nake roƙo bai fi tafiya ɗaya ba: ya je ya ce masa ƙarya ce, a tuge turakun.

Shef bai daina juya feda ba. Ya ce ai dabara ce, kuma ta yi aiki, tun ranar ba a sake taɓa masa turke ba. Ya ce daji na gwamnati ne, ba na mai akuya ba.

"Shef, kalma ɗaya ce," na ce. "Ku ne kuka faɗa, ku kaɗai zai yarda da ku."

"In je in tsaya gaban makiyayi in ce na yi ƙarya? Ni?" Ya goge hannu a tsumma. "Bayan tsere in ya ga ba inji ai zai gane da kansa. Mutanen nan yawo ne aikinsu, yau nan gobe can. Kai dai koma ka karanta wa awakin littafi, ko za su huce."

Matarsa ta leƙo da kofin ruwa, ya ce ta mayar, baƙon tafiya zai yi. Na fito. A littattafai a nan ne ake cakumar wuyan riga. Ni kuwa kekena na tura har bakin titi.

Abin da ya rage mini shi ne in goge da hannuna. Na sayi kananzir da buroshin ƙarfe, na rufe shago ranar da ba Lahadi ba. Na tuge turakun na tara su a rami. A kan dutse fentin yakan dushe ya bar inuwar ja. A jikin itace kuwa ya shige cikin tsagar ɓawo, ina gogawa ɓawon na ɓarewa, farin jikin itacen na fitowa da danƙo kamar hawaye. Matar Baba, wadda ban taɓa jin muryarta sosai ba, ta tsaya daga nesa ta yi magana da yarensu na Tamajak, da kaifi. Baba ya fassara mini ba tare da ya sassauta ba: ta ce na farko sun rubuta, na biyu ya zo fiɗa. Ya ƙara da nasa, cewa in da gaske wasa ne, me ya hana babban zuwa, aka turo tela da buroshi?

Ranar Asabar mutanen Shef suka zo suka maida turakun, suka sabunta lambobin da na goge, suka fi na da girma.

Da na koma, bukkar babu. Sai da'irar ƙasa mai santsi inda take, da duwatsun murhu uku, da kashin awaki. Sawunsu ya nufi gabas wajen manyan duwatsu. Na bi shi a kan keke har inda turba ta ƙare a tsakuwa, na juyo. Kandili kuwa ya cika da kwasfa, sun fara yin ruwan ƙasa.

Wurin bai yi mako a buɗe ba. Wasu gidaje daga ƙasan korin, waɗanda ɗansu ke aiki a gari kuma ya gaya musu ba wani haƙa da za a yi, suka matso suka kafa bukkokinsu daga dutsen mai tsaga har rijiya. Waɗannan ba su tsaya tambayar kowa ba. Ana gobe tsere suka sare rassan ƙaya suka binne su a cikin yashi, a duk inda kibiya ta nuna a bi.

Na je kallon tseren daga kan tudu, ba don ina so ba. Na farko ya gangaro da gudu, tayarsa ta yi tsaki ta kwanta. Na biyu haka. Kafin su kai rijiya babu keken da ke da iska, faci kuma ya ƙare. Na ga Shef ya saɓa nasa a kafaɗa yana hawa tudu a ƙafa, takalminsa na nutsewa, yana zagi da Faransanci, matan sabbin bukkokin na tsaye suna kallonsa ba dariya ba magana. Na ji daɗi har cikin ƙashina, kuma har yau in na tuna ina ji. Sai dai daɗin bai dawo da kowa ba.

Ni ma ban tsira ba. Da na gwada komawa bayan kwana biyu, wani saurayi mai takobi a kafaɗa ya tare ni tun a bakin gangara. Na ce ni ne telan da ke zuwa wurin dattijon da ya tashi, ba na cikin masu fenti. Ya ce shi bai san tela ba, keke ya gani, in juya. Daga inda nake ina jin ƙarar gora a cikin rassa da zubar kwasfa a ƙasa kamar yayyafi. Na juya. Shef ya sake kawo mini ɗinki sau ɗaya, na ce aiki ya yi mini yawa. Daga baya aka rufe ramin da yake aiki, ya kwashe iyalinsa ya koma Maradi da kekensa a saman kaya.

Na yi aure, ba a gindin itace muka haɗu ba, a wurin awon riga ne. Betetena yana rataye a bangon shago, tayoyinsa sun tsattsage.

Shekaru bayan haka na kai wa wani da na yi wa ɗinki kayansa a site, wadda rabin gidajenta yanzu ba kowa. A ƙofar wani layi da aka rufe da waya na ga mai gadi zaune a kan tabarma, dogo, rawani ya rufe masa baki. Gorar ce na fara ganewa, tana jingine da bango, ƙugiyarta ta yi tsatsa. Na sauka daga babur na gaishe shi. Ya amsa duka gaisuwar, gida, aiki, zafi, kamar yadda ake amsa wa wanda ba a sani ba. Na ce Baba, tela ne. Ya ce ya gane.

Wani mai shayi a kusa ne ya ba ni sauran labarin. A can cikin duwatsu ba su sami kandili mai yawa ba, kuma inda yake akwai masu shi. Bazarar ta cinye mafi yawan awakin. Da ruwa ya sauka Baba ya dawo korin, ya tarar da bukkoki a wurinsa, ya yi sallama, aka ba shi shayi a matsayin baƙo, ya wuce. Matarsa tana wurin ƴarsu a Gugaram.

Akuya biyu ke ɗaure a jikin wayar da ke bayan Baba. Ina tsaye ya jawo wani ƙaramin buhu, ya kwance bakinsa, ya ɗebo ƴaƴan kandili da tafin hannu ya zuba musu a kwano. Mai shayin ya ce a kasuwa yake sayensu, tiya-tiya, wurin matan da ke kawowa daga korin gabas.